Na ce na yafe, amma zuciyata ba ta huce ba: ina sabuwar zuciyar da aka alkawarta?

Mai Neman Haske ya rubuta:

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana damuna, kuma ina roƙon waɗanda suka riga ni nisa cikin bangaskiya su taimake ni da abin da suka sani.

Wani ɗan'uwa da muke sujada a ikkilisiya ɗaya, wanda na ɗauka tamkar ciki ɗaya muka fito, ya ci amanata. Mun haɗa jari domin mu yi sana'a tare, na danƙa masa kuɗi da takardu ba tare da shaida ba saboda yardar da ke tsakaninmu, sai ya karkatar da kuɗin zuwa wata buƙata tasa, da ya ga asirinsa zai tonu kuma ya riga ni zuwa wurin mutane yana cewa ni ne na yi almundahana. Asarar dukiyar ta yi mini zafi, amma ɓata sunan ya fi ta ciwo, domin har yau akwai masu gaishe ni da wani irin kallo. Daga baya dattawan ikkilisiya suka zaunar da mu, gaskiya ta fito, ya ce a yi haƙuri, ni kuma na ce na yafe, muka gaisa hannu da hannu, aka yi addu'a aka tashi. Bai mayar da komai daga abin da ya ɗauka ba, bai kuma koma wurin waɗanda ya faɗa wa ƙaryar ya warware ta ba.

Shekaru sun shuɗe, amma duk ranar da aka ba shi jagorancin addu'a, da zarar na ji muryarsa sai ƙirjina ya cushe, in kasa cewa amin. Idan ana Addu'ar Ubangiji aka iso wurin da muke roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi, harshena yakan yi nauyi, in yi shiru har a wuce wurin. Kwanakin baya na ji labarin cewa kasuwancinsa ya karye, sai na tsinci kaina ina jin wani daɗi a ɓoye, kuma wannan ne ya fi tsorata ni.

Matiyu 18:35 ya ce gafarar da Uba yake nema ta zuciya ce. 2 Korantiyawa 5:17 ta ce duk wanda yake cikin Almasihu sabuwar halitta ne, Ezekiyel 36:26 kuma ya yi alkawarin za a cire zuciyar dutse a ba da ta nama. To, ni wanda na furta gafara da bakina amma ciwon yana nan, shin munafunci na yi a gaban dattawa? Ko kuwa sauyin nan na ciki bai taɓa faruwa a kaina ba tun farko? Akwai kuma masu ce mini alamar gafara ta gaskiya ita ce in manta, in koma hulɗa da shi kamar yadda muke a da. Shin haka Nassi ya koyar?

Dattijo ya amsa:

Ɗana, Ubangiji ya ta'azantar da kai. Zan fara da misalin da ayar da ke tsorata ka ta fito daga cikinsa, domin sau da yawa muna riƙe ƙarshen labarin mu bar tsakiyarsa.

A Matiyu 18:23-35 Yesu ya kwatanta laifi da bashi. Sarki yana bin bawansa talanti 10,000, shi kuma bawan yana bin abokin bautarsa dinari 100. Dinari ɗaya shi ne ladan yini guda na ɗan ƙodago, kamar yadda Matiyu 20:2 ya nuna, talanti ɗaya kuwa ya kai kimanin dinari 6,000. Ke nan bashin farko ya kai dinari 60,000,000, wato ko da mutum zai yi aiki kowace rana ba hutu, sai ya shekara fiye da 160,000 kafin ya biya. Amma ka lura cewa Yesu bai ce bashi na biyu ba komai ba ne. Ladan kwana 100 kuɗi ne na gaske, wanda ya rasa shi zai ji a jikinsa. Ubangiji bai raina asararka ba, kuma ba ya neman ka raina ta. Laifin mugun bawan shi ne ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa, ya ƙi jin roƙonsa, ya jefa shi kurkuku har sai ya biya, alhali shi kansa yanzu aka sake shi daga abin da ba zai taɓa iya biya ba.

Daga nan nake fahimtar cewa gafara ita ce ka saki haƙƙin ramuwa da kake da shi a kan wanda ya cuce ka, ka miƙa shari'ar ga Allah, kamar yadda Romawa 12:19 ta umarta. Abu ne da mutum yake yanke shawararsa a gaban Allah, kuma yana da tsada, domin duk bashin da aka yafe, mai shi ne ya ɗauki asarar. Sarkin da ya yafe talanti 10,000 ya tashi babu su a taskarsa. Zafin da kake ji idan ka ji muryar mutumin nan wani ɓangare ne na wannan asara da ka ɗauka, saboda haka ban ga dalilin da za ka kira shi munafunci ba. Munafuki ba ya rasa barci a kan ko gafararsa ta gaskiya ce.

Sai dai ba zan ruɗe ka ba game da abu na uku da ka ambata. Jin daɗin karyewar kasuwancinsa dabam yake da jin ciwo. Karin Magana 24:17 ta hana mu yin murna idan maƙiyinmu ya faɗi, kuma wannan murna ta ɓoye tana nuna cewa akwai wani lungu a zuciyarka da har yanzu yake jiran a biya shi da wahalar mutumin. Ka kai wannan gaban Allah a matsayin zunubinka na kanka, ka kira shi da sunansa, kada ka lulluɓe shi da laifin wancan. Abin farin ciki shi ne ya tsorata ka, domin da zuciyarka ta dutse ce har yanzu, da ka yi ta ba da labarin faɗuwarsa kana cewa Allah ya saka maka.

Lokacin da Bitrus ya tambaya ko ya yafe har sau bakwai, aka amsa masa da bakwai har sau saba'in. Mun saba ɗaukar wannan a kan mutumin da yake ta maimaita laifi, kuma haka ne. Amma a tsawon rayuwata na ga cewa laifi ɗaya ma yakan dawo wa mutum sau da yawa, ya zo da daddare, ya zo a tsakiyar sujada, ya zo idan an ambaci suna kawai, kuma duk dawowar da ya yi sai an sake sakin sa. Wanda ya sake sakin bashin a yau bai rushe gafarar jiya ba, ya tabbatar da ita ne.

Game da mantuwa kuwa, babu inda aka umarce mu mu goge abin da ya faru daga ƙwaƙwalwarmu, ba ma cikin ikonmu yake ba. Da Allah ya ce a Irmiya 31:34 ba zai ƙara tunawa da zunubin jama'arsa ba, ba wai saninsa ya ragu ba ne, alkawari ya yi cewa ba zai sake ɗauko zunubin ya hukunta su da shi ba. Irin wannan ce mantuwar da za ka iya yi: ka daina ɗauko maganar ka jefe shi da ita, ko a gabansa, ko a bayan idonsa, ko a cikin zuciyarka inda kake ta sake yi masa shari'a.

Mama Mai Addu'a ta amsa:

Baba Dattijo, na gode da wannan bayani, kuma na yarda da mafi yawansa. Amma akwai wani gefe da nake ganin an bari, kuma shi ne yake sa mutane da yawa suna ta dukan ƙirjinsu a kan abin da ba laifinsu ba ne kaɗai.

Ɗana, a ganina an gaggauta rufe maganarku. An zauna, an ce a yi haƙuri, an gaisa, an tashi, amma ba a tambayi mai laifin abin da zai yi domin ya gyara ɓarnar ba. Mu Kirista muna da wannan rauni, muna son zaman sulhu ya ƙare da sauri domin kowa ya samu sauƙi, sai nauyin duka ya koma kan wanda aka cuta, shi ne zai yafe, shi ne zai yi shiru, shi ne kuma za a zarga da taurin zuciya idan fuskarsa ba ta saki ba. Misalin bawan nan da Baba ya kawo yana biye ne da Matiyu 18:15-17, inda Yesu ya ce a je a nuna wa ɗan'uwa laifinsa, in ya ƙi ji a koma da shaidu, in ya ƙi a gaya wa ikkilisiya. Baki ɗaya ne ya faɗi duka biyun, a babi ɗaya. Kuma da Zakka ya tuba a Luka 19:8, ba a haƙuri na fatar baki ya tsaya ba, ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Bayan wannan furuci ne Yesu ya ce ceto ya sauka a gidan.

Masu ce maka ka koma hulɗar kuɗi da shi domin ka nuna ka yafe, su je su sake karanta labarin Yusufu. Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, aka yi shekara 7 na ƙoshi, aka shiga ta 2 ta yunwa kafin ya bayyana musu kansa, wato shekara 22 ke nan. Da ya gan su yana da ikon ya hallaka su bai yi ba, ya ba su hatsi, ya mayar musu da kuɗinsu cikin buhunansu, yana juya baya yana kuka. Duk da haka bai ce musu ni ne Yusufu ba sai da ya gwada su. Ya sa aka ɓoye ƙoƙonsa na azurfa a buhun Biliyaminu domin ya ga ko za su watsar da ƙaramin kamar yadda suka watsar da shi, sai da Yahuza ya tsaya ya ce a riƙe shi bawa a maimakon yaron, sannan ya buɗe musu zuciyarsa. Ramuwa ya daɗe da ajiye ta, amma amincewa sai da ya ga shaidar sauyi. Har bayan rasuwar Yakubu, a Farawa 50:20, bai ce musu ba komai ba, ya faɗa musu a fili cewa mugunta suka nufa, Allah ne ya juya ta ta zama alheri.

Dauda ma sau biyu yana samun Sarki Saul, wanda yake neman ransa, a hannunsa yana ƙyale shi. A karo na biyu, a 1 Sama'ila 26, Saul ya ce masa ya komo ba zai ƙara cutar da shi ba, amma Dauda yana tsaye daga nesa ya ce a aiko wani saurayi ya karɓi mashin sarki da ya ɗauke, kowa ya kama hanyarsa. Manzo Bulus kuma, a 2 Timoti 4:14-16, ya ce Iskandari maƙerin tagulla ya yi masa mugunta ƙwarai, ya bar sakamakonsa ga Ubangiji, sannan ya gargaɗi Timoti ya yi hankali da shi, a wuri guda kuma ya roƙa kada a lasafta laifin waɗanda suka yashe shi ranar shari'arsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya ja da baya, kuma babu mai hankalin da zai kira wannan ƙiyayya.

A zamaninmu ma an ga haka. An harbi Paparoma John Paul na II a ranar 13 ga Mayu, 1981, ya furta gafara ga wanda ya harbe shi, Mehmet Ali Agca, tun yana kwance a asibiti, ya kuma ziyarce shi a kurkuku a watan Disamba na 1983, amma mutumin ya ci gaba da zama a kurkukun Italiya har shekarar 2000. Gafarar ba ta soke shari'a ba. Ina nanata wannan ne saboda mata da yara da marasa ƙarfi da ake zalunta, waɗanda ake rufe wa baki da ayoyin gafara domin a rufa wa azzalumi asiri. Wannan ba koyarwar Almasihu ba ce.

Mai Neman Haske ya sake rubutawa:

Baba da Mama, Allah ya sāka muku da alheri. Maganar bambanci tsakanin jin ciwo da jin daɗin faɗuwarsa ta shige ni, haka ma bambancin gafara da amincewa. Amma yanzu wata tambayar ta taso. Luka 17:3 ya ce idan ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. Tunda wannan mutum bai mayar da komai ba, bai kuma wanke sunana ba, ashe ke nan ba dole ba ne in yafe masa sai ya tuba da gaske? Kuma har yanzu tambayata ta farko tana nan. Idan Ruhu Mai Tsarki yana zaune a cikina, me ya sa aikinsa yake tafiya a hankali haka? Ina jin shaidar waɗanda suke cewa a dare ɗaya aka ɗauke musu ɗacin zuciya, ni kuwa shekaru ina fama.

Malamin Nassi ya amsa:

Ɗan'uwa, ka ajiye Luka 17:3 kusa da Markus 11:25, inda Yesu ya ce duk lokacin da muka tsaya yin addu'a, in muna riƙe da wani a zuciya mu yafe masa. A wannan aya ba a ambaci tuban mai laifin ba, ba ya ma wurin, kai ne da Allah kawai. Yesu a kan gicciye ya roƙa wa masu kashe shi gafara a Luka 23:34 suna cikin raba tufafinsa, Istifanas kuma ya yi irin wannan roƙo a Ayyukan Manzanni 7:60 duwatsu suna sauka a kansa, Shawulu, wanda daga baya ya zama Manzo Bulus, yana tsaye yana goyon bayan kisan. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya nemi gafara a lokacin. Yadda nake haɗa ayoyin biyu shi ne, sakin ƙullin zuciya da barin ramuwa wajibi ne a kanka ko ya tuba ko bai tuba ba, amma cikakken sulhu, inda zumunci yake komawa daidai, ba ya yiwuwa sai da mutum biyu. Shi ya sa Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, gwargwadon abin da yake hannunku, ku yi zaman lafiya da kowa. Bulus ya san akwai abin da ba ya hannunmu. Na san akwai malaman da suke karanta Luka 17:3 da tsanani fiye da haka, suna cewa ba a furta gafara sai ga wanda ya tuba, amma su ma sun yarda cewa ba a ba kowa izinin riƙe ɗaci yana jiran ranar ba.

Ka kuma duba abin da manzanni suka ce nan take bayan wannan koyarwa, a aya ta 5: sun roƙi Ubangiji ya ƙara musu bangaskiya. Mutanen da suka ga an ta da matattu sun ji maganar gafara sau bakwai a yini ɗaya, suka gane ta fi ƙarfinsu.

Yanzu ga batun jinkirin sauyi. Sabuwar haihuwa farkon rai ce, tsarkakewa kuwa girma ne, kuma Nassi yana maganarsa a matsayin aikin da ke gudana. 2 Korantiyawa 3:18 ta ce ana sāke mu zuwa kamanninsa daga ɗaukaka zuwa ɗaukaka. Wasiƙar Afisawa, wadda aka rubuta wa waɗanda an riga an hatimce su da Ruhu, ita ce a 4:31-32 take ce musu su rabu da ɗacin rai da fushi da ƙeta, su riƙa yafe wa juna. Da sabuwar zuciya tana nufin waɗannan abubuwa sun gushe a ranar tuba, da ba a rubuta wa masu bi wannan umarni ba. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, aka mai da shi a bakin teku, ya cika da Ruhu a ranar Fentikos, ya ga wahayin da ya kai shi gidan Karniliyas, amma shekaru bayan haka a Antakiya tsoron mutane ya sake kama shi har ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sai da Bulus ya tsawata masa a gaban kowa, kamar yadda Galatiyawa 2:11-14 ta faɗa. Tsohon rauninsa ne ya sake ɗago kai, kuma babu wanda ya ce saboda haka Bitrus bai taɓa tuba ba.

Tarihin ikkilisiya cike yake da irin wannan. John Newton, mutumin Ingila, ya juyo ga Allah bayan wata guguwa da ta kusa nutsar da jirginsu a 1748, amma bayan wannan ne ma ya zama kyaftin na jiragen fataucin bayi, bai bar teku ba sai 1754. An naɗa shi limamin ikkilisiya a 1764, kuma sai a 1788 ya fito fili a rubuce ya la'anci wannan fatauci yana bayyana kunyarsa. Shekara 40 ke nan tsakanin juyowarsa da wannan furuci. Ban kawo shi domin in wanke jinkirinsa ba, domin mutane sun sha azaba a jiragensa a cikin waɗannan shekaru, na kawo shi ne domin ka ga cewa haske yakan shiga wani ɗaki na zuciya ya daɗe bai kai wani ba. Martin Luther ma, malamin ikkilisiya Bajamushe, a farkon batutuwa 95 da ya gabatar a 1517, cewa ya yi da Ubangiji ya kira mu ga tuba, ya nufi dukan rayuwar mai bi ta zama ta tuba.

Shaidar waɗanda aka ɗauke wa ɗaci a dare ɗaya ba na ƙaryata ta, Allah yana yin haka idan ya ga dama. Amma ko a sanannun labarai, biyayya takan riga jin sanyin zuciya zuwa. Corrie ten Boom, 'yar ƙasar Holan, an kama ta a 1944 saboda iyalinta suna ɓoye Yahudawa daga 'yan Nazi, aka kai ta sansanin fursunoni na Ravensbrück a Jamus inda 'yar'uwarta Betsie ta rasu a watan Disamba na wannan shekara. A 1947, bayan ta gama wa'azi a kan gafara a birnin Munich, wani daga cikin tsofaffin masu gadin sansanin ya matso ya miƙa mata hannu yana neman ta yafe masa. Ta ba da labari da kanta cewa hannunta ya ƙi ɗaguwa, zuciyarta ta daskare, sai ta roƙi Yesu ya taimake ta, ta ɗaga hannun ba tare da tana jin komai ba, bayan ta kama hannunsa ne ta ji ƙauna ta zo. Mai wa'azin gafara ce, minti kaɗan da sauka daga mumbari.

Wannan shi ne tsarin Filibiyawa 2:12-13, mu muna aikatawa, Allah kuma yana aiki a cikinmu, shi ne mai ba da nufin da ikon yi. Abin da ya rage gare ka ba ƙoƙarin matso wani irin ji daga zuciyarka ba ne, domin ba a tilasta wa zuciya ta huce. Ka yi abin da aka umarta a Matiyu 5:44, ka riƙa yi masa addu'a da sunansa, kana roƙa masa takamaiman alheri, har da farfaɗowar kasuwancin nan da ya karye, ko da da farko kalmomin za su fito da ƙyar. Ka kuma bar ɓoye wa Allah zafin. Zabura 55:12-14 kuka ne na mutumin da amininsa ya ci amanarsa, wanda suke tafiya Haikalin Allah tare a cikin taro, kuma an ajiye wannan kuka a cikin Littafi Mai Tsarki domin irinka su samu abin faɗa. Wurin nan na Addu'ar Ubangiji da kake yin shiru kuwa, ina ba ka shawara ka riƙa furta shi, domin roƙo ne na mai bukata, ba shelar wanda ya kammala ba.

Dattijo ya sake amsawa:

Mama ta faɗi gaskiya game da gaggawar da mu dattawa mukan yi, kuma Malam ya warware batun ayoyin nan biyu yadda ya kamata. Abu ɗaya nake so in ƙara, domin ina tsoron kada maganar nesa-nesa da aka kawo daga Dauda da Saul ta zama maka mafaka. Saul yana neman ran Dauda ne, kai kuwa wannan mutum kuna cin Jibin Ubangiji a tebur ɗaya. Dauda ɗin nan dai, da ɗansa Absalom ya kashe ɗan'uwansa Amnon ya gudu Geshur shekara 3, ya yarda a dawo da shi Urushalima amma ya ce kada ya ga fuskarsa, aka ƙara shekara 2 a haka, kamar yadda 2 Sama'ila 14:28 ta faɗa. Bai hukunta shi ba, bai kuma zauna da shi sun yi maganar ba, kuma babi na 15, inda Absalom ya yi wa mahaifinsa tawaye, ya nuna inda wannan shiru ya kai gidan. Ibraniyawa 12:15 tana gargaɗi game da tushen ɗaci da yakan tsiro ya ƙazantar da mutane da yawa, kuma a irin wannan shiru yake samun wurin zama.

Saboda haka, ɗana, bayan ka ɗauki lokaci kana yi masa addu'a kamar yadda Malam ya ce, ka nemi ganinsa ku biyu kaɗai. Kada ka je yanzu da kasuwancinsa ya karye da maganar kuɗi a bakinka, domin zai ɗauka ka zo cin gajiyar faɗuwarsa ne. Kuɗin haƙƙinka ne, kana iya yafe shi gaba ɗaya, kana kuma iya cewa ya biya a hankali idan ya samu, duka biyun babu zunubi a ciki, amma ka yanke shawarar kafin ka tafi, ka faɗa masa a sarari. Abin da za ka nema a wurinsa shi ne wanda ko ba shi da ko sisi zai iya yi, wato ya koma wurin mutanen da ya faɗa wa ƙaryar ya gaya musu gaskiya. Ka faɗa masa cewa ba ka neman ramuwa, ka kuma faɗa masa cewa wannan abu yana ci maka rai har yau, domin mai yiwuwa yana zaton maganar ta mutu tun ranar da kuka gaisa. Idan ya ƙi ji, Matiyu 18:16 ta ce ka koma da mutum ɗaya ko biyu, kuma zai fi kyau ɗayansu ya kasance cikin dattawan da suka zauna a zaman farko, tunda ya ji lokacin da gaskiyar ta fito.